Ɗalibai tara na Fisk: su suka ceci makarantar, amma wa ya biya kuɗin?

Malam Isiyaku: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tunda hirarmu ta makon nan ta karkata kan waƙar baki zalla, wadda babu ganga babu fiyano, bari in kawo tarihin wata ƙaramar ƙungiya da ba a cika ambatonta ba, wato Fisk Jubilee Singers na birnin Nashville, a jihar Tennessee ta Amurka.

An buɗe makarantar Fisk a watan Janairun 1866, watanni kaɗan bayan ƙarewar yaƙin basasar Amurka, domin ilimantar da bayin da aka 'yanta. Ƙungiyar mishan ta American Missionary Association ce ta ɗauki nauyinta, a cikin tsofaffin barikokin katako da sojojin Arewa suka bari. Cikin shekara biyar katakon ya fara ruɓewa, bashi ya yi katutu, har ana maganar rufe makarantar. Sai ma'ajinta, George White, farar fata ɗan jihar New York wanda ya yi soja a yaƙin, kuma shi ne malamin waƙa, ya ce zai ɗebi ɗalibansa masu murya ya zaga jihohin Arewa da su neman taimako. Manyan mishan ba su goyi bayansa ba. Ya kwashi ɗan abin da ya rage a asusu, ya haɗa da nasa da na rance, suka hau jirgin ƙasa ranar 6 ga Oktoban 1871.

Su tara ne, mata biyar, maza huɗu. Bakwai daga cikinsu a cikin bauta aka haife su. Ƙaramarsu, Minnie Tate, shekararta kamar 14. A watan Mayun 1872 suka koma Nashville da dala 20,000. Ni a ganina babu wata ƙungiyar mawaƙa da ta taɓa yi wa al'ummarta aiki kamar wannan.

Nafi'u: Wa'alaikumus salam Malam. To wace irin waƙa suke yi har mutane suka zuba wannan kuɗi a wancan zamani?

Rifkatu: Nafi'u, tambayarka ita ce zuciyar labarin. Da farko waƙoƙin Turawa suke rerawa, na coci da na kishin ƙasa da waɗanda ake yayi a lokacin. White yana so ya nuna wa duniya cewa yaran da jiya ake sayarwa a kasuwa za su iya rera duk abin da farar fata ke rerawa. Kuma makonnin farko wahala ce zalla. Ga sanyi, ga rashin tufafin kirki, otal-otal suna korarsu, abin da ake tarawa a taro wani lokaci ko kuɗin jirgi bai kai ba. Duk da haka, kwana biyu da fitowarsu babbar gobarar Chicago ta tashi, suka ɗauki ɗan abin da suka samu a wani taro a jihar Ohio, ƙasa da dala 50, suka aika wa waɗanda gobarar ta shafa.

Waƙoƙin ibada na bayi kuwa, waɗanda suka gada daga iyayensu, a ɗaki suke rera su tsakaninsu. Ella Sheppard, ɗaya daga cikin su taran, ta rubuta daga baya cewa ba su taɓa tunanin fitar da su bainar jama'a ba, saboda suna tuna musu da bauta, kuma iyayensu na ɗaukarsu da tsarki. Sannu a hankali suka fara saka ɗaya ko biyu a ƙarshen taro, sai suka lura nan ne mutane ke yin tsit, wasu har da hawaye. A watan Nuwamba, a garin Oberlin, wajen babban taron limaman coci, aka ba su ɗan lokaci suka rera “Steal Away” a hankali, daga nan labarinsu ya fara bazuwa. A Disamba fitaccen mai wa'azin nan Henry Ward Beecher ya karɓe su a cocinsa da ke Brooklyn, ƙofofi suka buɗe.

Habu Ɗan-Malam: Yaya Rifkatu, abin da kika faɗa shi ne ainihin abin da ke damuna da wannan labari. Waƙoƙin da iyayensu suka rera a ɓoye, cikin dare, bayan an sha bulala, su ne aka kai gaban fararen fata masu kuɗi domin su yi kuka su sa hannu a aljihu. Yaran da kansu ba su so fitar da su ba, yunwa ce ta sa. Malam Isiyaku yana kiran wannan nasara. Ni ina ganin mutanen da aka ƙwace musu komai ne aka zo aka karɓi ɗan abin da ya rage a hannunsu.

Malam Isiyaku: Malam Habu, a yi adalci. Waɗanda suka saurare su a Ohio da New York da Boston yawancinsu masu adawa da bauta ne, wasu 'ya'yansu sun mutu a yaƙin. Sannan ka tuna abin da jama'ar Amurka suka saba gani a dandamali kafin zuwan yaran nan: fararen fata su shafa baƙin gawayi a fuska, su fito suna kwaikwayon baƙar fata a matsayin wawa. Shi ne wasan da ya fi kowane karɓuwa a ƙasar. Har akwai mai otal da ya karɓi mawaƙan Fisk a zaton irin waɗancan ne, da ya gane baƙar fatar tasu ta gaske ce sai ya kore su. A irin wannan ƙasa, matasa tara su tsaya da shiga ta mutunci su rera waƙar iyayensu, mutane su saurara cikin girmamawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Habu Ɗan-Malam: Ban musa ba. Amma girmamawar da sai ka gyara waƙarka ta dace da kunnen mai ba da sadaka, akwai magana a kanta.

Rifkatu: A nan kam Malam Habu yana da hujja, kuma ina so in ɗan tsaya a kai, don duk wanda ya taɓa koyar da ƙungiyar mawaƙa ya san abin da ake nufi.

Yadda bayi ke rera waƙoƙin nan, mutum ɗaya ne ke ba da waƙa, jama'a su amsa. Mai bayarwa yana iya ƙara baiti nan take, yana iya jan murya ta zame tsakanin sauti biyu, kowa ya shigo inda zuciyarsa ta kai shi, ana tafi ana buga ƙafa, wani lokaci ana zagayawa a da'ira. Kayan kiɗa kuwa, a wurare da dama an hana su: bayan boren bayi na Stono a 1739, hukumar Carolina ta Kudu ta kafa doka a 1740 da ta haramta wa bayi ganguna da ƙahoni. Murya da tafin hannu da dunduniya su ne abin da ya rage.

White ya ɗauki wannan ya zuba shi a tsarin murya huɗu irin na Turai, sofirano, alto, tena da bes. Ya cire tafi da rawa. Ya nace kowace kalma ta fita tsaf, kowace murya ta narke cikin 'yar'uwarta har ba za ka iya ware ta wane ba. Abin da ya fi shahara da shi kuwa shi ne rerawa can ƙasa-ƙasa, kamar raɗa, amma na bayan zaure ya ji. Wallahi wannan ya fi ɗaga murya wuya nesa ba kusa ba, balle babu wani kayan kiɗa da zai riƙe muku sauti. Mutum ɗaya ya ɗan sauka, duk ƙungiyar ta bi shi ƙasa ba tare da ta sani ba. Saboda haka gwaninta ce ta gaske. Sai dai idan ka rubuta waƙa a takarda, ka ce ga yadda take, ka tsayar da abin da a da kullum sabo yake fitowa. A 1872 aka buga littafin waƙoƙinsu, Theodore Seward ne ya rubuta sautin, ana sayarwa a ƙofar zaure. Daga nan abin da ke cikin littafin ya zama shi ne waƙar a wajen duniya.

Istifanus B.: Marubuciya Zora Neale Hurston ta yi irin wannan suka a 1934. Ra'ayinta shi ne abin da ƙungiyoyin makarantu ke rerawa a zaure sabon abu ne da aka gina a kan tsofaffin waƙoƙin, ainihin na gaske kuwa yana can cikin ƙananan coci-cocin karkara. Amma masanin nan W. E. B. Du Bois, wanda shi kansa ya gama Fisk a 1888, ya ɗauki mawaƙan a matsayin waɗanda suka sa duniya ta kasa mantawa da waƙoƙin bayi. Dukansu biyu baƙaƙen fata ne masu kishin mutanensu, kuma ba su daidaita ba. Don haka kada mu yi mamaki in mu ma ba mu daidaita ba.

Malam Isiyaku: To ai da ba don su ba, da waƙoƙin sun ɓace.

Istifanus B.: Malam, wannan ta ɗan yi yawa. Tun 1867, shekara huɗu kafin fitarsu, an riga an buga wani kundi na waƙoƙin bayi fiye da 100 da wasu masu adawa da bauta suka tattara. Kuma mutanen karkara ba su daina rera su ba. Abin da Fisk ta yi shi ne ta sa masu ilimi daga cikin baƙaƙen fata suka daina jin kunyarsu, ta kuma kai su kunnen duniya.

Hajiya Asabe: Ina ta karanta ku, kowa White, White. Ina Ella Sheppard?

An haife ta a Nashville a 1851. Mahaifinta ya fanshi kansa, sannan ya fanshe ta da dala 350 tana ƙarama, amma masu mahaifiyarta suka ƙi sayar da ita, aka tafi da uwar Mississippi. Ella ta koyi fiyano a Cincinnati, ta shiga Fisk a 1868 da ɗan abin da ta tara na koyarwa. Lokacin da aka fita yawon nan shekararta 20. Ita ke kaɗa fiyano a waƙoƙin da ke buƙatarsa, ita ke horar da muryoyi, ita ke tattara waƙoƙin bayi daga bakin 'yan'uwanta tana tsara su, kuma a dandamali ita ce jagora, don White ba ya tsayawa a gabansu yana kaɗa hannu. Duk lokacin da ciwo ya kwantar da shi, a kanta aikin ke komawa. Shekara bakwai tana cikin tafiyar nan, daga farko har ƙarshe, alhali ita ma ba mai ƙoshin lafiya ba ce.

White bai san waƙoƙin nan ba sai da ya ji su a bakin ɗalibansa. Don haka in za a yaba tsarin da aka yi musu, ko a soke shi kamar yadda Malam Habu ke yi, to da hannun wata baƙar fata 'yar bayi a ciki. Wannan ya sa ban yarda da cewa kawai karɓe musu aka yi ba. Su ma sun zauna sun yi shawara, sun zaɓi abin da za su fitar.

Habu Ɗan-Malam: Hajiya, na karɓi wannan. Amma zaɓin wanda makarantarsa za ta rufe gobe, zaɓi ne mai ƙunci.

Nafi'u: Ni na taɓa jin cewa Sarauniya Biktoriya ta Ingila ce ta ce lalle daga birnin waƙa suka fito, wai daga nan Nashville ta samu laƙabinta na Birnin Waƙa. Haka ne?

Istifanus B.: Wannan labarin baka ne da masu tallar birnin ke son maimaitawa. Laƙabin a ƙarni na 20 ya bazu, ta hanyar gidan rediyo da waƙoƙin karkara na fararen fata. Abin da ya tabbata shi ne sun rera waƙa a gaban Sarauniyar a Landan a 1873. Kafin nan, a 1872, sun rera wa Shugaba Grant a fadar White House. A Ingila Firaminista Gladstone ya gayyace su cin abinci a gidansa, aka zaunar da su teburi ɗaya da manyan ƙasa, a daidai lokacin da a ƙasarsu ake hana su ɗakin kwana a otal. Akwai babban zanensu da aka yi a Ingila a wannan tafiya, lokacin sun ƙaru zuwa goma sha ɗaya, har yau yana rataye a Fisk.

Malam Isiyaku: Kuma da kuɗin nan aka sayi fili a inda a da sansanin soja yake, aka gina Jubilee Hall, aka buɗe shi a Janairun 1876. Shi ne ginin dindindin na farko da aka yi domin ilimi mai zurfi na baƙaƙen fata a Kudancin Amurka, kuma yana nan tsaye. Du Bois ya ce cikin shekara bakwai sun kawo dala 150,000. Sunan Jubilee ma daga Littafin Firistoci na Littafi Mai Tsarki White ya ɗauko shi, shekara ta hamsin da ake sakin bayi.

Habu Ɗan-Malam: To yanzu mu ƙirga abin da ginin ya ci, ban da dala.

Benjamin Holmes, ɗaya daga cikin su taran, wanda ya koya wa kansa karatu yana bawa a Charleston, ya yi ta jayayya da White kan yadda ake tafiyar da su, ya bar ƙungiyar, tarin fuka ya kashe shi a 1875 yana matashi. Yawancin na farkon ba su samu sun kammala karatun da suka fita nema wa kuɗi ba. Ku dubi wannan da kyau. Sun gina wa wasu aji, su kuwa shekarun karatunsu sun ƙare a jiragen ƙasa da zauruka masu sanyi. Isaac Dickerson ya tsaya a Birtaniya. Thomas Rutling ma bai koma Amurka da zama ba, a Harrogate ta Ingila ya rasu a 1915. Bayan an gama Jubilee Hall ai sai a ce su dawo su huta su yi karatu. Ina! Tun 1875 an sake tura su Turai, Birtaniya, Holan, Jamus, Suwizalan, shekara uku, ana neman kuɗin gini na biyu. Dare bayan dare, gari bayan gari, mutum yana tari ana cewa ya hau dandamali. A 1878 ƙungiyar ta watse saboda gajiya da ciwo da rigingimu. Wannan shi nake so a riƙa faɗa tare da labarin Sarauniya.

Malam Isiyaku: Gaskiya ne, kuma abin tausayi ne. Amma kada a ɗora wa White shi kaɗai. Matarsa Laura zazzaɓin taifod ya kashe ta a Glasgow a 1874, suna tsakiyar tafiya. Shi ma huhunsa ya lalace. Bai fita daga wannan aiki da dukiya ba.

Hajiya Asabe: Ni a wajena nauyin ya fi hawa kan hukumar makarantar da mishan. Su ne suka ƙi ba da ko sisi ranar fita, da kuɗi ya fara shigowa kuma suka karɓe ragamar tafiyar suka cika jadawali. Erastus Cravath, shugaban Fisk na lokacin, da kansa ya bi su Turai yana matsa lamba, har suka ɓata da White, ga shi kuma surukinsa ne, don Laura 'yar'uwar Cravath ce. Saniyar da ke ba da nono ai ana barinta ta ci ciyawa.

Rifkatu: Abin da zan ƙara, murya jiki ce. Mai fiyano in ya gaji fiyanon bai gaji ba. Amma ƙungiyar da ba ta da komai sai maƙogwaro, in mutum biyu suka kwanta cikin goma sha ɗaya, sauran ne za su ɗauki nauyinsu, gobe su ma su kwanta. Duk wanda ya tsara musu irin wannan tafiya ko dai bai san waƙa ba, ko bai damu ba.

Nafi'u: To daga 1878 shi ke nan? Na ga kamar har yanzu akwai masu wannan suna.

Istifanus B.: Akwai. Jami'ar ta farfaɗo da ƙungiyar daga baya, kuma John Wesley Work na biyu ya taka rawa sosai a wannan. A 1909 shi da wasu maza uku suka ɗauki “Swing Low, Sweet Chariot” a faifan kamfanin Victor, kuma ana samunsa a intanet ga mai son jin yadda salon yake. Roland Hayes, wanda daga baya ya zama fitaccen mawaƙi a Turai da Amurka, ya bi ta cikinsu. Daga 1994 har rasuwarsa a 2022 wani haifaffen Gana ne ya jagorance su, Paul Kwami. A 2007 ya kai su Gana, suka rera waƙa a gidan kurkukun bayi na Elmina. A 2021, shekara 150 da kafuwa, suka ci kyautar Grammy ta farko. Kowace ranar 6 ga Oktoba jami'ar tana bikin tunawa da su tara ɗin, ana zuwa kaburburan waɗanda aka binne a Nashville.

Hajiya Asabe: Ella Sheppard tana cikin waɗanda ke kwance a Nashville ɗin. A 1914 ta rasu. Ta samu ta gano mahaifiyarta, ta dawo da ita kusa da ita, kuma har tsufanta tana taimaka wa sababbin mawaƙan jami'ar.

Habu Ɗan-Malam: Malam Istifanus ya tsallake ɓangaren da ya fi burge ni. Bayan watsewar 1878, White ya sake haɗa wasu daga cikinsu ba da sunan hukumar jami'a ba. Da ya ajiye, sai Frederick Loudin, mai bes ɗinsu, baƙar fata ɗan Ohio da aka haifa da 'yanci, ya karɓi ragamar. Daga 1884 zuwa 1890 ya zaga da su Birtaniya, Ostireliya, New Zealand, Indiya, har Japan. Waƙoƙin dai su ne, salon ma shi ne, amma wannan karon baƙar fata ne ke riƙe da littafin kuɗi. Loudin ya koma garinsu Ravenna ya gina gida, ya zuba jari a masana'antar takalma, kuma bai taɓa rufe baki kan wariyar launin fata ba a duk inda ya tsaya.

Rifkatu: Kuma daga cikin ƙungiyar Loudin ɗin nan Orpheus McAdoo ya fita ya kafa tasa, ya sauka Afirka ta Kudu a 1890, ya shafe shekaru yana zagaya ƙasar. Masu binciken waƙar Zulu ta maza zalla, isicathamiya, irin wadda Ladysmith Black Mambazo ke yi, suna lissafa zuwan McAdoo cikin abubuwan da suka shafi tasowarta. Malam Habu, ka ga salon da kake cewa an gyara shi don kunnen Bature, ma'aikatan Zulu sun ji shi, sun ɗauki abin da ya yi musu, sun mayar da shi nasu.

Habu Ɗan-Malam: Na gani, Yaya Rifkatu, kuma ya yi mini daɗi. A kan salon na sassauta. A kan Benjamin Holmes da karatun da sauran ba su gama ba kuwa, ina nan inda nake.